Minti Huɗun da Na Yanke

Shekara biyu bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, ina da shago a wani layi kusa da tsohuwar kasuwa, kuma da hannuna na rubuta "sitidiyo" a jikin ƙofarsa da jan fenti. Ciki da falo ne. A falon nake gyaran rediyo da rikoda, aikin da ke ciyar da ni ke nan. Cikin kuwa na lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu biyu, na toshe taga da bargo, na girke wata na'urar ɗaukar sauti mai layi huɗu da na sayo ta hannu a Kano. Masu wa'azi nake ɗauka a ciki, da 'yan Islamiyya masu waƙar bikin sauka, da wani mai maganin basir da ke son muryarsa ta zagaya kasuwanni shi yana gida kwance. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Gani nake duk Zamfara babu mai kunne irin nawa, kuma ba na son a gyara mini magana, musamman idan mai gyaran ne ke da gaskiya.

Maƙwabcina a layin mai sayar da batirin mota ne, ɗan asalin Gabas amma haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu dangina fita. Ya haura hamsin, ga tumbi ga sanƙo, ranar Lahadi shi ke kaɗa musu fiyano a coci. Wata rana da hantsi ya shigo da wani dogon akwati, ya buɗe, sai ga jita ta lantarki, fentinta duk ya goge a inda hannu ke zama. Ya ce yana saurayi, bayan yaƙi, su biyar suka haɗa ƙungiya a can garin iyayensa, gashi buzu-buzu, wando mai faɗin ƙafa, suna irin kiɗan da ke juya wa mai saurare kai ko da ruwan randa kawai ya sha. Saura kaɗan su shiga sitidiyo a Legas ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa.

"Injiniya," ya ce, da haka yake tsokanata, "ina son in ji abin ga a kaset kafin in mutu. Amma ba ni kaɗai ba. Na kai batir Tsahe, na ji wani tsoho da garaya. Tun rannan ban samu sukuni ba."

Na yi masa dariya, na ce garaya da jita ai tuwo ne da shayi. Amma na bi shi, don ina son a ce ni na fara yin abin da ba a taɓa yi ba.

A 'Yandoto tsohon yake, kusa da Tsafe. Ɗan ƙaramin mutum ne, manomi, mai fararen gira, idan yana magana ba ya kallon fuskarka sai gefen kafaɗarka, har ka ji kana son ka waiwaya. Mahaifinsa makaɗin 'yan bori ne, shi ma ya yi musu kiɗa da ƙuruciya, daga baya ya rage sai jefi-jefi, ga maharba ko a wani biki. Ya saurari maƙwabcina har ya gama zuba, sannan ya ce zai zo, amma da sharaɗi.

"Ku ji ni da kyau. Kiɗin ga ba wasa na ba, kira na. In niy yi kira akwai masu zowa, ko kun gane su ko ba ku gane su ba. In anka ƙare kuma sai an sallame su, kowa ya koma inda yah hito. Tun ina yaro ban taɓa aje garaya ban yi sallama ba. To in za ku sa shi cikin abin ga naku, ku sa shi dut, har da sallamar."

"Wallahi Baba," na ce, "abin da kak kaɗa shi za a ji, ba ragi ba ƙari."

Ban ko tsaya tunani ba na rantse. A raina cewa nake tsohon nan da camfi yake. Ni mutum ne mai salla biyar da ƙarfen narka dalma, abin da ban gani a cikin waya ba ban cika damuwa da shi ba.

Kwana uku muka yi muna ɗauka, kullum daga hantsi zuwa la'asar. Janareta na can bayan shago a ƙarshen doguwar waya don kada ƙararsa ta shigo, fanka kuma a kashe saboda makirfo na kama iskarta. Zafin ɗakin sai wanda ya shiga. Maƙwabcina ya tuɓe riga, gumi na bin tumbinsa. Tsohon kuwa yana kan tabarma da rigarsa da hularsa, ko ɗigon zufa babu a goshinsa.

Ranar farko garayar kaɗai muka ɗauka. Tsirkiya biyu ce kacal, amma da ya fara sai na ji kamar ƙasan ɗakin ne ke amsawa. Ya soma a hankali, yana maimaita abu guda, yana maimaitawa, har na gaji na soma duba agogo. Ban san lokacin da na daina dubawa ba. Kiɗan ya yi ta hawa, yana ƙara sauri, tsohon ya rufe ido, leɓɓansa na motsi ba sauti. A nan na lura da allurar layi na huɗu. Kowane layi a na'urar yana da 'yar allura mai nuna ƙarfin sautin da ke shiga, layi na huɗu kuma ban jona masa komai ba, amma allurarsa na ɗagawa tana sauka. Na san dalilin, ko yau ka tambaye ni zan faɗa maka: kan na'ura mai ɗora sauti a kaset idan ya tsufa, sautin wani layi yakan tsallaka zuwa na kusa da shi. Sai dai wannan allurar ba tare da garayar take motsi ba. Garaya ta buga, ita sai ta ɗan jira, sannan ta ɗaga, yadda mutum ke amsa gaisuwa.

Da kiɗan ya kai maƙura sai tsohon ya sauka zuwa sallamar. Tsirkiya ɗaya yake taɓawa, a hankali, yana ƙara jinkiri tsakanin bugu da bugu, yana raɗa wasu sunaye ɗaya bayan ɗaya. Minti huɗu aka yi ana haka. Ni a kunnena ba kiɗa ba ne, ya fi kama da ɗigar ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwa. Allurar nan ta yi ta raguwa har ta kwanta. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, ya buɗe ido, ya ce a ba shi ruwa ya sha. Sai a lokacin na ji hayaniyar layinmu ta dawo, masu acaba da mai tallan fura, alhali ɗakin a toshe yake kamar yadda yake tun farko.

Washegari na sa masa abin saurare a kunne, na kunna masa garayar jiya, na ba shi butar kiɗa, wato goran nan mai tsakuwa a ciki, don ya bi da ita a layi na biyu. Ya cire abin da sauri.

"Wa ka kiɗin ga?"

"Kai na, Baba. Na jiya na."

"To ni ga ni nan zaune. Shi wancan ina ya kwana?"

Maƙwabcina ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Tsohon ya mayar da abin a kunnensa, ya bi kansa da buta tiryan-tiryan, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Rana ta uku ta jita ce. Maƙwabcina na da wani ɗan akwatin ƙarfe da yake takawa da ƙafa, wanda ke sa jitar ta yi gurnani, ta yi kuka, ta ja murya kamar mai shirin yin magana. Na ƙara masa amsa-kuwwa har sautin ya riƙa dawowa sau uku sau huɗu. Mutumin da na sani da awon ruwan batir ya koma wani daban, ido rufe, baki buɗe, hawaye na gangarowa cikin gumi. Daga nan ya koya mini wata dabara ta zamaninsu: a juya kaset, a ɗauki jitar, sannan a mayar da shi daidai, sai jitar ta fito da baya. Da muka kunna, tsigar jikina ta tashi. Sautin na tasowa daga inda babu komai, ya kumbura, sannan ya yanke cak a daidai inda ya kamata ya fara. Kana jin kukan tsirkiya kafin yatsa ya taɓa ta.

Tsohon ya saurara, ya janye tabarmarsa ya matsa kusa da ƙofa.

"Wanga kukan ciki ya ka komawa," ya ce. "Ku dai kar ku mance da abin da munka yi da ku."

Muka raka shi tasha, ya hau motar Tsafe da garayarsa a cikin buhu.

Matsalar ta fito ne a wajen haɗawa. Ainihin ɗaukar a dogon kaset take, amma wanda za a kai kasuwa minti talatin ne kowane gefe, kiɗan tsohon kuma ya kai talatin da huɗu. Ɗaya gefen ya cika da gajerun waƙoƙin maƙwabcina. Da na so, da na cire waƙa guda na sa sallamar a farkon wancan gefen, ko in rage farkon kiɗan inda yake ta maimaici. Amma farkon ina son sa, shi ke jan mutum ciki bai sani ba. Kuma wa zai juya kaset ya tarar da tsoho yana tsinkar tsirkiya ɗaya kamar mai gyangyaɗi? Sai na bar kiɗan ya hau har ƙololuwa, inda jita ke kuka da baya, buta na tafasa, na rage sautin har ya ɓace cikin daƙiƙa kaɗan, zaren ya ƙare. Na saurara sau biyu, na yaba wa kaina. Ya yi kyau, har yau ba zan ce bai yi kyau ba.

Maƙwabcina ya lura tun jin farko.

"Injiniya, ina sallamar? Ka yi ma tsohon ga rantsuwa hwa."

"Kai ka saida batir, ni ka haɗa sauti," na ce masa. "Na taɓa zuwa shagonka in gwada maka awon ruwa?"

Shekara ashirin da wani abu yana jiran kaset ɗin nan, ga shi a hannunsa, ba zai yi faɗa da ni a kan minti huɗu ba. Bayan mako biyu wani mai wa'azi ya zo, ba ni da kaset mai kyau a ajiye, na ɗauki ainihin na tsohon na ɗora wa'azin a kai. Ko a jikina.

Kaset ɗin ya shiga gari fiye da yadda muka zata. Direbobi suka ɗauka, da makanikai, da masu shayi, masu kwafa kuma suka yi ta kwafa ba su tambayi kowa ba. Maƙwabcina ya sayi sabuwar hula, yana tafiya ana nuna shi. Ni kuwa duk wanda ya shigo gyaran rediyo sai ya ji tarihin yadda na juya kaset, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Da kaka na je Rawayya, can wajen Bungudu, in gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni. Na san da ƙuruciyarta ta taɓa bori, amma ta bari tun kafin in yi wayo, ta je Makka ta dawo, carbi ba ya barin hannunta. Bayan azahar na same su a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, ita da matan 'ya'yanta, ga rikoda mai batir a kan turmi. Don su faranta mini rai suka sa kaset ɗina. Na zauna a kan kujera 'yar tsugune ina jin daɗi, ina jira a yabe ni.

Hannun Gwaggo dai na lura ya soma bin butar. Kiɗan ya hau, ya hau, ya kai inda na yanke, rikodar ta yi ƙas ta tsaya.

Hannun Gwaggo bai tsaya ba. Gyaɗar da ke gabanta ta ƙare, amma yatsunta na ci gaba da ɓara, suna ɗauko abin da babu suna fasawa suna zubawa a ƙwarya. Kanta na ɗan rangaji. Idonta a buɗe, yana kan ƙofar zaure. Wata daga cikin matan ta kira ta, "Inna! Inna!" ba ta amsa ba. Rana tsaka, kaji na tono, jaki na kuka a bayan gida, amma ni sanyi nake ji a tafin ƙafata. Sai ta yi magana da wata murya mai kauri wadda ban san ta da ita ba.

"Wa yab bar ƙohwa buɗe?"

Matan suka rufu a kanta, wannan na karanta Ayatul Kursiyyu, waccan na shafa mata ruwa a fuska. An daɗe kafin ta yi atishawa, ta sake, ta sake, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta jawo mayafinta ta rufe kai. Na ce hawan jini ne, a kai ta asibitin Bungudu a auna.

Da zan tafi ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Wanda yak kaɗa garayar ga ya san aikinai," ta ce. "Irinsu ba su aje kiɗi hakanan. Ba shi yay yanke ba." Ta dube ni yadda take dubana ina yaro idan nama ya ragu a tukunya. "Tahi ka gane shi."

Ban tafi ba sai bayan kusan wata biyu. Kullum da uzurina: yau aiki, gobe mota, jibi zazzaɓi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ba na iskoki ba. Ba ni da abin da zan kai masa. Sallamar na shafe ta da hannuna, kaset kuma ya riga ya shiga gidajen da ban san adadinsu ba. Abu ɗaya ya rage mini, in tsaya gabansa in ce ni na yanke. Na shirya maganar tun daga Gusau, na yi ta bitarta a mota har Tsafe, na ƙarasa 'Yandoto a kan acaba ina maimaita ta.

Babban ɗansa na fara gani a ƙofar gida, magidanci mai furfura a gemu. Ya gane ni, ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya ce gara da na zo. Ya ce wata ranar kasuwa tsohon ya ji kiɗansa a rumfar mai sayar da kaset a Tsafe, ya tsaya yana murmushi har zaren ya ƙare. Ya ce a sake sa masa, aka sake. Tun daga ranar bai koma daidai ba. Duk ranar kasuwa sai ya tafi ya tsaya a gaban rumfar, da kaset ɗin ya yanke sai ya kama yin sallamar da baki, a tsaye, mutane na kewaye shi suna cewa tsufa ya taɓa shi. Idan mota ta wuce da kiɗan, sai ya bi ta da sallama har ta ɓace. Abinci sai an matsa masa. Garayar kuwa ya tsinke mata tsirkiya da kansa.

Na same shi a inuwar rumbu, a kan buzu. Ya rame har hular ta yi masa yawa. 'Ya'yansa biyu da wasu maƙwabta suka zo suka zauna, an yi baƙo daga Gusau, aka kawo fura. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe, don bai kai damina ba.

Muka gaisa, na gyara zama, na buɗe baki. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bari in riga ka, ɗana. Ni ya kamata in iske ka, kunya ta hana ni." A karon farko tun da na san shi, cikin idona yake kallo. "Na ji kaset ɗin. Na tsaya har ƙarshe ban san ko sau nawa ba, sallamar ba ta hito ba. Kai ko ka rantse gabana, kuma da idona nig ga abin naka yana juyawa har niƙ ƙare. To in ka sa ta ba ta hito ba, su sunka hana ta. Ba su karɓa ba. Tun ina yaro ni ka sallamarsu suna tahiya, rannan sun ƙiya. Ko hannuna na yat tsuhwa, ko wani suna niƙ ƙetare, Allah kaɗai ya sani. Yanzu ga su cikin gidajen mutane, wurin mata da ƙananan yara, ni nik kai su."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai.

"Kai yaron kirki na, ka yi aikinka tsakani da Allah. Ni nib ɓata maka shi, nis sa rantsuwarka ta tashi banza. Don girman Allah ka yahe mani."

Maganar da na taho da ita tana nan a bakina, kalma uku ce, ko yaro zai iya faɗin ta. Da na faɗa, da tsohon nan ya san hannunsa bai tsufa ba, bai tsallake sunan kowa ba, abin da ya yi shekara da shekaru yana yi bai ƙi shi ba. Na san haka sarai a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na dubi 'ya'yansa, ƙarti biyu da suka yi watanni suna kallon ubansu yana lalacewa. Na dubi maƙwabtan da suka karɓe ni da "sannu da zuwa, Malam". Kowa na jirana, shi kuma ya miƙo hannu.

"Na yahe, Baba," na ce.

Ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi ta sa mini albarka, ni da 'ya'yana da 'ya'yan 'ya'yana. Na zauna ina cewa amin.